Ta ina zan fara koyon auna guba a wurin aiki da cikin unguwa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Gadarif ne a Sudan, na gama karatun kimiyyar sinadarai a jami'a amma ban taɓa fita fili ba. Yayyena biyu suna aiki a injinan niƙan dutsen zinari a kasuwar Abidiyya. Ɗayansu hannunsa ya fara rawa, kuma in za su zo gida da kayan aikinsu suke zuwa. Ina so in koyi ɗaukar samfurin iska da ruwa da ƙasa a kai gwaji, don in san abin da suke shaƙa da abin da yaranmu ke taɓawa. Ta ina zan fara, kuma wace na'ura zan fara saya? Allah ya saka da alheri."

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba yayan naka lafiya. Maganarsa zan fara yi, domin ba za ta jira ka gama koyo ba. Rawar hannu, kumburin dasashi, yawan yawu, rashin barci, saurin fushi da mantuwa duk alamu ne da aka sani ga mai shaƙar tururin zaiba, wadda ake kama zinari da ita a irin wannan aiki, ko da yake wasu cututtukan ma suna kawo su. Ya je wurin likita, ya faɗa masa ƙarara cewa yana aiki da zaiba, kuma ya dakata da ƙona ta har a duba shi.

Ka tambayi abu biyu, inda za ka fara da na'urar da za ka saya. Amsar ta biyun gajera ce: kada ka sayi komai tukuna. Mafi yawan sakamakon banza da ke zuwa hannuna ba a ɗakin gwaji aka lalata su ba, tun a fili aka lalata su. An ɗebi ruwa a kwalbar da ba ta dace ba, ko famfo ya tsaya ba wanda ya lura, ko an ɗauki ƙasa a inda ya fi sauƙin isa maimakon inda yara ke wasa. Na'urar ɗakin gwaji komai tsadarta abin da aka kawo mata kawai take aunawa. Saboda haka hannunka da littafin rubutunka za ka fara horarwa.

Abin da ke wurin

Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan man fetur, zinari ya zama abin da Sudan ta fi dogara da shi wajen samun kuɗin waje, kuma masu haƙar gargajiya ne ke fitar da mafi yawansa. Aikin kasuwanni irin su Abidiyya da Abu Hamad a jihar Kogin Nilu ka san shi daga bakin yayyenka. Ana farfasa dutse, a niƙa shi da ruwa a tahuna, wato injin niƙa, a zuba zaiba ta kama zinarin, a wanke, a matse a ƙyalle, sannan a ƙona curin zaiba da zinarin, zaiba ta tashi zinari ya rage. Lakar da ta saura, karta, ita ake kwasa a jiƙa da siyanid a ƙara tatsar zinari.

Kowane mataki da irin gubarsa da hanyar da take bi ta shiga jiki. Wurin fasa dutse da cikin rami, ƙurar silika ce ta huhu. Wurin ƙonawa, tururin zaiba ne, wanda ba shi da launi ba shi da wari, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na abin da aka shaƙa yana wucewa cikin jini. Wurin karta, siyanid ne a ruwa. Shi kansa dutsen kuma yana iya zuwa da dalma ko arsenik, ya danganta da inda aka haƙo shi. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma saboda dutsen zinarin da ake niƙawa cikin gidaje yana cike da dalma, kuma ba wanda ya yi zargin haka sai da aka auna jini da ƙasa.

Akwai wani abu game da zafin ƙasarmu da littattafan Turai ba su cika tsayawa a kai ba. Zaiba ba ta buƙatar wuta kafin ta yi tururi. A rufaffen ɗaki mai zafin digiri 20, iskar da ta ƙoshi da tururinta tana ɗauke da kusan miligiram 14 a kowace kubik mita, wato sama da ninki 500 na iyakar wurin aiki. A digiri 40 abin ya ninka haka fiye da sau huɗu. Kwalbar zaiba da ba a rufe sosai ba, ko rigar aiki da aka rataye a ɗakin kwana a watan Mayu, ba ƙaramin abu ba ne.

Tambaya kafin kwalba

Kafin ka taɓa kwalba ko ɗaya, rubuta tambayarka a jimla ɗaya. "Ina so in san ko akwai gurɓata" ba tambaya ba ce da samfur zai amsa. "Nawa ne tururin zaiba da mai ƙonawa ke shaƙa daga safe zuwa tashi?" tambaya ce. "Shin ƙasar tsakar gidan da ake wanke kayan aiki ta fi ta maƙwabtan da ba sa zuwa wurin zinari yawan zaiba da dalma?" ita ma tambaya ce, kuma ta riga ta gaya maka cewa gidaje iri biyu za ka shiga.

Kai ɗan Gadarif ne, ka ga yadda mai sayen riɗi ke yi a kasuwar amfanin gona. Ba ya yarda da na bakin buhu. Yana soka buhun sama da tsakiya da ƙasa, kuma ba buhu ɗaya yake sokawa ba. Ɗaukar samfur ke nan gaba ɗayansa, a sami ɗan kaɗan da zai tsaya a madadin mai yawa.

Sai ka nemi ɗakin gwajin tun kafin fita, ba bayan ka dawo da kula cike da kwalabe ba. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya tsayar da ɗakunan gwaji da yawa a Hartum, don haka kada ka dogara da abin da ka sani tun kana ɗalibi, ka kira ka ji wanda ke aiki yau. Tambaye su wace hanya suke auna zaiba da ita, mene ne mafi ƙanƙantar abin da na'urarsu ke iya gani, ko za su ba ka wankakkun kwalabe da sinadarin adanawa, da kuma ko suna da shaidar ISO 17025, wato ta ƙwarewar ɗakin gwaji, a kan wannan gwajin musamman. Iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya ga zaiba a ruwan sha maikrogiram 6 ce a lita, ta dalma da ta arsenik kuwa 10 kowacce. In ɗakin gwaji ba ya iya ganin ƙasa da 50, ya rubuto maka "ba a samu ba", bai gaya maka komai ba. Zaiba tana da hanyarta ta daban, ko dai a mai da ita tururi a auna cikin sanyi, ko a ƙona samfurin a kama tururin a kan zinari. Na'urar AAS mai harshen wuta da kuka gani a jami'a ba ta wadatar wa zaiba.

Iskar da mutum ke shaƙa

Nan zan fi tsayawa, don nan ne sana'ar take. Ana auna iskar ma'aikaci ne a jikinsa. Ƙaramin famfon zuƙar iska mai batir ake rataya masa a ƙugu, a bi da tiyo ta bayansa, a maƙala abin kama gubar a wuyan rigarsa, cikin tazarar santimita 30 daga hanci da baki. Na'urar da aka rataye a jikin rumfa tana auna rumfa ne. Tana da amfaninta, amma kada ka kwatanta sakamakonta da iyakar da aka sa wa mutum.

Ga zaiba, hanyar da aka fi bi ita ce mai lamba 6009 ta NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka. Ɗan bututun gilashi ne mai ɗauke da baƙin gari da ake kira Hopcalite, ana fasa bakinsa biyu a lokacin da za a fara, a ja iska ta cikinsa a gudun lita 0.15 zuwa 0.25 a minti, kada jimlar ta wuce lita 100. Akwai kibiya a jikin bututun, ta nuna wajen famfo. A maƙala shi a tsaye, domin in ya kwanta garin yana zamewa gefe iska ta sami hanyar wucewa ba ta taɓa shi ba.

Duk lissafinka a kan gudun famfo ya rataya, don haka saitinsa shi ne abu na farko da za ka ƙware a kai. Ba sai da na'ura mai tsada ba. Burat ɗin ɗakin gwaji, wato dogon bututun gilashi mai ma'auni, mai mililita 100, da ruwan sabulu sun isa. Ka haɗa famfo da bututu irin wanda za ka yi aiki da shi, ka haɗa su da saman burat ɗin, ka taɓa ƙasansa da ruwan sabulu, ka duba agogo. In gudun lita 0.2 ne a minti, kumfar za ta ci mililita 100 a daƙiƙa 30. Yi sau uku ka ɗauki matsakaici. Bayan an tashi aiki ka sake aunawa kafin ka sa famfon a caji. In bambancin safe da yamma ya wuce kashi 5 cikin 100, samfurin ya ɓaci, ka rubuta haka ka sake wani.

Ga yadda lissafin yake, da lambobin misali. A ce famfo ya yi minti 240 a kan lita 0.2, iskar da ta wuce lita 48 ke nan, wato kubik mita 0.048. Ɗakin gwaji ya sami maikrogiram 3.0 a bututun, ya sami 0.12 a bututun fanko. Ka cire, saura 2.88, ka raba da 0.048, ka sami maikrogiram 60 a kubik mita. Bututu na biyu na awa huɗun yamma ya ba da 20. Matsakaicin awa 8 ya zama 40. Iyakar da ACGIH, ƙungiyar masana tsabtar wurin aiki ta Amurka, ta sa, wadda ƙasashe da yawa ke aro, 25 ce. Sai dai an gina ta ne a kan mai aikin awa 8 a rana, kwana 5 a mako, wanda ke komawa gida ya shaƙi iska mai tsabta. Mai aikin awa 12, bisa lissafin Brief da Scala na rage iyaka ga mai dogon aiki, rabin iyakar ce tasa, 12.5. Wanda kuwa yake kwana a rumfar da ake ƙonawa, wannan iyakar ba da shi aka yi ta ba sam, domin jikinsa ba ya samun hutun da zai fitar da abin da ya shiga.

Na ambaci bututun fanko. Shi ne wanda za ka fasa bakinsa a wurin aikin, ka rufe nan take ba tare da jan iska ba, ya yi tafiya tare da sauran har ɗakin gwaji. Aƙalla biyu a kowace fita, ko ɗaya cikin kowane goma. Shi zai tona in hannunka ko jakarka ko motar da ka hau ce ta gurɓata samfurin. Ni samfurin da ya zo ba fanko ba na sa hannu a kan sakamakonsa. Kuma kada ka taɓa haɗa bututun iska da samfurin karta a akwati ɗaya, tururin kartar zai shiga ta murfi.

Ƙurar silika kayanta daban. Abin da ke kashe huhu shi ne ƙurar da ta yi ƙanƙantar da ido ba ya gani, wajen maikron 4 zuwa ƙasa, don haka ana sa wani ɗan mazurari da ake kira saiklon a gaban filta ya ware manyan ƙwayoyi. Filtar PVC ce mai faɗin milimita 37, wadda ɗakin gwaji ya riga ya auna nauyinta. Kowane saiklon da gudunsa: na roba ƙirar Dorr-Oliver lita 1.7 a minti, ƙirar Higgins-Dewell 2.2, na alminiyam 2.5. In ka saɓa gudun, ka canja girman ƙurar da kake kamawa. Ana son lita 400 zuwa 1000, sannan a auna silikar ta hanyar NIOSH mai lamba 7500. Kuskuren da sababbi suka fi yi shi ne kifar da saiklon bayan an gama, manyan ƙwayoyin da suka taru a gindinsa su zubo kan filta. Wani lokacin ma'aikacin ne zai kwanta hutun rana da shi a jikinsa. Iyakar OSHA, hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka, tun 2016 maikrogiram 50 ce a kubik mita, ta ACGIH kuwa 25.

Kada ka rataya wa mutum famfo ka tafi shan shayi. Duba shi duk awa. Tiyo yana lanƙwashewa, rawani ko mayafi yana rufe bakin bututu, zafi yana cinye batir. Rubuta ƙarfe nawa aka ƙona, sau nawa, a buɗe ko cikin rumfa, ta ina iska ke kaɗawa, ko habub, guguwar ƙura, ta taso. Sakamako mai yawa da ba a san abin da ya faru a ranar ba, ba a iya gyara komai da shi. Rana ɗaya kuma ba ta isa, domin mutum ɗaya a aiki ɗaya sakamakonsa yana iya ninkawa sau uku ko fiye tsakanin yau da gobe. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 689 tana karɓar awo uku ne kawai in dukkansu suna ƙasa da kashi 10 cikin 100 na iyaka. In ba haka ba, ana neman shida zuwa sama daga masu aiki iri ɗaya.

Akwai na'urorin hannu masu nuna zaiba nan take, irin su Lumex da Jerome. In ka samu aro daga jami'a ko wata hukuma, su suka fi dacewa da tambayarka ta gida. Ka sa kayan aikin yayyenka a leda ka ɗaure, ka bar ta a wuri mai ɗumi na ɗan lokaci, ka huda ka zura bakin na'urar. Ka auna ɗakin kwana da ƙofa a rufe, a tsayin da yaro ke kwanciya. Hukumar ATSDR ta Amurka tana ɗaukar ƙasa da maikrogiram 1 a kubik mita a matsayin abin da za a zauna da shi a gida, in ya wuce 10 kuwa a fitar da mutane. Kada ka kusantar da Lumex wurin da ake ƙonawa, za ta cika ta gurɓata ta yi ta ba ka lambobin ƙarya.

Ruwa

Kowace guba da kwalbarta. Ta dalma da arsenik da sauran ƙarafa, roba ce da aka wanke da asid, a ɗiga asid ɗin naitirik har pH, ma'aunin tsamin ruwa, ya sauka ƙasa da 2, tana iya kai wata 6. Ta zaiba gilashi ya fi, domin tururinta yana ratsa roba ya shiga ko ya fita, kuma kwana 28 ne iyakarta. Ta siyanid akasin haka ce, soda mai ƙuna ake sa mata har pH ya kai 12, a ɓoye ta daga rana, a sa a ƙanƙara, a auna cikin kwana 14. Ka riƙe wannan da kyau: kada asid ya haɗu da ruwan da ake zargin akwai siyanid a ciki a rufaffen wuri ko kusa da fuskarka, domin iskar da ke tashi tana kisa cikin mintuna. Ruwan tafkin karta ba na mai koyo ba ne shi kaɗai. Ka manna wa kwalaben siyanid launi daban, ka cika su da farko ka rufe kafin ka buɗe asid.

In a Gadarif za ka gwada ruwan hafir, tafkin da ake haƙawa don tara ruwan sama, saboda maganin feshin gona, kwalbar gilashi mai duhu ta lita ɗaya ake so, kuma ɗakin gwaji ya tatse ta cikin kwana 7. Ta ƙwayoyin cuta kuwa dafaffiyar kwalba ce, ba a ɗauraye ta, a kai ta cikin awa 6, in ya yi nisa kada ya wuce 24.

A rijiyar burtsatse ka bar ruwa ya zuba har pH da gishirinsa su daina canjawa a na'urarka. A kogi ka fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka nutsa kwalba kamar santimita 20 zuwa 30, kada ka tayar da laka. In kana son abin da ya narke kawai, ka tace da filta mai maikron 0.45 a wurin kafin ka sa asid. In abin da mutane ke sha kake so, kada ka tace, kuma ka ɗebo daga randa da jarka da gangar mai kura, domin sau da yawa rijiyar lafiya lau take, jarkar ce ta taɓa zama ta wurin aiki.

Zaiba ba ta cika zama cikin ruwa ba, laka take kamawa. Ruwa zai iya fitowa da tsabta alhali lakar ƙasansa cike take. A cikin lakar ne ƙwayoyin halitta ke mai da ita wani nau'in da ke taruwa a naman kifi, irin wanda ya jawo cutar Minamata a Japan da aka gano a 1956. Don haka samfurin kogi ba ya cika sai da laka da kifi, musamman manya masu cin 'yan'uwansu irin giwan ruwa. Ƙasashe da yawa suna sa iyakar miligiram 0.5 a kilo ga yawancin kifi.

Ƙasa da ƙurar ɗaki

Yaro ba ya haƙa rami, saman ƙasa yake taɓawa ya sa a baki. Ka ɗebi santimita 2 zuwa 5 na sama. Raba gidan gida-gida, wurin wanki daban, bakin ƙofa daban, wurin wasa daban. A kowanne ka ɗebo wuri biyar da cokalin roba ko na bakin ƙarfe mara tsatsa, ka gauraya su zama samfur ɗaya, ka canja safar hannu kafin na gaba. Kada ka gauraya wurin wanki da wurin wasa, mai yawa zai ɓace cikin mai kaɗan. A shanya a inuwa, ba a rana ko a tanda ba, in ba haka ba zaibar ta gudu. A tankaɗe da rariyar milimita 2, sannan ta maikron 250, domin lallausar ce ke manne wa hannun yaro. Dole ka ɗebo daga gidajen da ba ruwansu da zinari don kwatanci. Ƙasar da ba a gurɓata ba galibi zaibarta ba ta kai miligiram 0.1 a kilo.

Bindigar XRF, na'urar hannu da ake ɗorawa a kan ƙasa ta nuna ƙarafan da ke ciki, tana da kyau ƙwarai ga dalma, da ita aka yi aikin Zamfara. Amma ga zaiba ganinta bai da kaifi, jiƙaƙƙiyar ƙasa tana rage mata lamba, kuma in dalma ta yi yawa tana rufe arsenik. Ka tura wasu daga cikin samfuran ɗakin gwaji su tabbatar. Amurka ta daɗe tana amfani da miligiram 400 na dalma a kilo a matsayin matakin bincike a ƙasar gidaje, a 2024 ta rage shi zuwa 200. Ƙurar daɓe kuma da jiƙaƙƙen ƙyalle na musamman ake share ta cikin murabba'in santimita 10 sau 10, a ninke, a sake sharewa a gicciye.

Fitsari da jini

Nan iyakar ni da kai take. Samfurin jikin mutum aikin likita ne, da yardar mai shi, da izinin kwamitin ɗa'ar bincike in nazari ne. Amma ka san abin da za a nema don kada a yi wa yayanka gwajin da bai dace ba. Tururin zaiba a fitsari ake ganinsa, a ɗauka kafin shiga aiki, nesa da wurin, bayan wanka, a auna shi tare da kiriyatinin, sinadarin da jiki ke fitarwa a fitsari, don gyara kaurin fitsarin, abin da ke da muhimmanci ga mai aiki cikin zafi da ƙishirwa. Ma'aunin ACGIH maikrogiram 20 ne a kowane giram na kiriyatinin. Gashi na zaibar kifi ne, kuma a kan mai ƙonawa yana ruɗarwa saboda tururin yana manne masa daga waje. Dalma a jinin jijiya ake auna ta, kuma daga maikrogiram 5 a desilita Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a nemo inda take fitowa a tsayar. Lambar fitsari ba ita ce ke cewa mutum ya kamu ko bai kamu ba. Zaiba tana raguwa da rabi a jiki cikin kamar wata biyu, don haka wanda ya daɗe da barin aiki fitsarinsa na iya yin ƙasa alhali illar tana nan.

Hanyar koyon

Ka fara da abin da ke kyauta. Hanyoyin NIOSH duk suna intanet, ka sauke 6009 da 7500 da 0600 ka karanta su layi-layi har ka san dalilin kowace lamba. Ƙungiyar OHTA tana da darussan tsabtar wurin aiki da ake saukewa, mai lamba 201 na share fage, mai lamba 501 kuma na auna abubuwa masu cutarwa. Ga ruwa, jerin ISO 5667. Ka zauna da lissafin raka'a har ya zama ba ka tuntuɓe tsakanin miligiram da maikrogiram, domin kuskuren ninki dubu ya sha tayar da hankalin gari a banza, ya kuma sha kwantar da shi inda bai kamata ba.

Karatu kaɗai ba ya koyar da wannan aiki. Ka nemi wanda ke yinsa ka riƙe masa jaka, ko a sashen lafiyar muhalli na ma'aikatar lafiya ta jiha, ko hukumar ruwa, ko malamin jami'a mai bincike a wuraren zinari, ko sashen muhalli na kamfanin gwamnati mai kula da ma'adinai. Ka yi wata biyu ko uku a ɗakin gwaji kana wanke kwalabe kana ganin yadda ake narka samfur. Wanda ya ga abin da ake yi da kwalba bayan ta iso ba ya cika ta da ganganci. In ka matsu sai ka sayi wani abu, to na'urar pH da ta gishirin ruwa, kula mai kyau, safar hannu, alƙalamin da ruwa ba ya gogewa, da littafi mai ɗinki wanda ba a yage shafinsa. Famfo da XRF aro ake yi ko haya.

Kowace kwalba ta sami lamba, rana, lokaci, wuri da lambobin GPS. Takarda ɗaya ta bi samfuran, duk wanda ya karɓa ya sa hannu da lokaci. Cikin kowane goma ka yi ɗaya tagwaye, ka ba su lambobi daban kada ɗakin gwaji ya sani. In tagwaye suka dawo da sakamako masu nisa da juna, akwai matsala ko a hannunka ko a nasu, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Wurin zinari wuri ne na kuɗi da tsaro, balle a wannan lokaci. Kada ka shiga da kwalabe da kyamara ba tare da izinin hukumar kasuwar da masu injin ba. Ka bayyana wa ma'aikaci cewa famfon ba ya naɗar murya, kuma ka koma ka gaya masa sakamakonsa da bakinka kafin kowa ya ji. Lamba ɗaya daga samfur ɗaya ba abin sawa a Facebook ba ce.

Akwai abubuwan da ba sa jiran awo, ka kira yayyenka yau ka gaya musu. Kada a ƙona curi a ɗaki, ko a rumfar kwana, ko kusa da abinci, ko inda mace mai ciki da yara suke. A ƙona a cikin ritot, tukunyar nan mai bututu da ke sanyaya tururin ya koma zaiba, kuma a bar ta ta huce sarai kafin a buɗe. Takunkumin ƙyalle da na asibiti ba sa tare tururin zaiba ko kaɗan, sai mai gwangwanin da aka yi musamman dominta. A ajiye zaiba a kwalba mai kauri da ruwa a samanta, a rufe gam. Kayan aiki da takalma su tsaya a Abidiyya. Waɗanda suka riga suka iso gida a ɗaure su cikin leda biyu a fitar da su daga ɗaki zuwa inuwa a waje inda yara ba sa kai, kada a wanke su tare da kayan gida, kuma ka rubuta ɗakin da suka kwana da tsawon lokacin, don nan ne wurin da za ka fara aunawa ranar da ka sami na'urar aro.